Kayan miliyan tara sun ƙone, inshora ta ce huɗu za ta biya

Alhaji Mai Atamfa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman wanda yake jin yaren mutanen inshora ya fassara mini, don ni dai kaina ya ɗaure. Kun ji labarin gobarar da ta taɓa layinmu watan jiya. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, yara ma sun samu fitar da kayan da ke baya, amma na gaba duk wuta ta cinye. Da muka zauna lissafi da yarona, kayan miliyan 9 ne suka tafi. Ni kuwa inshorar miliyan 12 na yi, shekara biyar ina biya, ban taɓa fashi ba. Yau wasiƙa ta zo wai miliyan 4 da dubu 50 za su ba ni, in sa hannu in karɓa. Tara ai ba ta kai sha biyu ba. To ina sauran kuɗina?

Baban Khalifa, shugaban zaure: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da mafi alheri, Alhaji. Maman Ilham, ke kika yi aiki da mutanen nan, ki leƙo.

Ɗan Tasha: Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Amma ai mun sha faɗa a zauren nan. Mutanen inshora ranar karɓa da Hausa suke magana, ranar biya sai su koma Turanci.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Baba Alhaji sannu da wannan jarrabawa. Kafin a ce komai, kada ka sa hannu a takardar nan tukuna. Ita suke kira discaj bauca, ma'anarta kuwa "na karɓa, na gamsu, ba ni da sauran magana". Kana sa hannu ka rufe wa kanka ƙofa. Ka sa yaronka ya ɗauko mini hoton wasiƙar, da shafin folisin da ke ɗauke da sunanka da adadin kuɗi, da rahoton mutumin da suka turo ya duba shagon.

Autan Zaure: Anti, wane folis kuma? Har 'yan sanda sun shigo maganar?

Maman Ilham: Auta ka fara ko? Folisi na ce, takardar yarjejeniya tsakanin mai shago da kamfani. Ita ce alƙalin duk wata rigima, kuma ita ce wadda kusan kowa ke jefawa a durowa bai karanta ba.

Alhaji Mai Atamfa: Ga su nan na tura miki ta gefe, 'yata.

Maman Ilham: Na gani, Baba. Da izininka zan yi bayanin a nan don wasu su amfana. Ba sata aka yi maka a lissafin ba, amma kuma ba a gama magana ba, zan dawo kan wannan.

Miliyan 12 ɗin da ke shafin farko ita ce sam-inshod, wato adadin da kai da bakinka ka ce kayan shagonka sun kai. Mutane suna ɗaukarsa a matsayin alkawari, wai duk asarar da ba ta wuce shi ba za a biya ta cif. Ba haka ba ne. Rufi ne kawai, kamfani ba zai haura shi ba. A kansa ake lissafa firimiyam, kuɗin da kake kai musu duk shekara.

Mutumin da ya zo da kyamara da littafi bayan gobara shi ne ajasta, mai ƙiyasin asara. Ba adadin abin da ya ƙone kaɗai yake nema ba, yana kuma neman kimar duk kayan da ke cikin shagon a ranar da wuta ta tashi, da wanda ya ƙone da wanda ya tsira. A rahotonsa ya rubuta miliyan 24. To ka ga kaya na miliyan 24, inshora ta miliyan 12. A wurinsu rabin kayanka ka ba su tsaro, rabin kuma ka riƙe a hannunka, kai ne kamfanin inshorar kanka a wannan rabin. Akwai sharaɗi a shafi na bakwai da ake kira abareji, shi ya ce in haka ta faru a raba asarar daidai da wannan rabon. Rabin tara huɗu da rabi.

Saura dubu 450 da suka ɓace. Wannan ekses ne, kason farko na kowace asara da mai kaya ke ɗauka da kansa. A takardarka kashi 10 cikin ɗari ne. Cire shi daga huɗu da rabi, ka ga miliyan 4 da dubu 50.

Alhaji Mai Atamfa: To ai ni ban ƙara shago ba, 'yata. Shagon nan shi ne dai, kantocin su ne dai, yawan bandir ɗin da nake ajiyewa ma ya ragu bai ƙaru ba. Lokacin da na ce sha biyu, wallahi sha biyun ce.

Maman Ilham: Na yarda, Baba, kuma nan ne mutane da yawa suka faɗa. Bandir bai ƙaru ba, naira ce ta zube. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Atamfa da shadda da leshin da ke shigowa daga waje duk suka bi ta. Kai kuma duk shekara ana kawo maka takardar sabuntawa da sha biyu a jiki, ka biya abin da ka saba biya, hankalinka kwance. Kayan suna hawa, lambar tana zaune inda ka bar ta shekara biyar da suka wuce.

Ɗan Tasha: Yauwa, nan nake jiranki, Hajiya. Su ba su san dala ta tashi ba? Ba a ƙasar nan suke ba? Mutum ya zo karɓar kuɗi sau biyar, ko sau ɗaya bai ce "Alhaji ƙara lambar nan" ba, sai da wuta ta ci sannan aka tuna da shafi na bakwai. In wannan ba wayo ba ne, mene ne sunansa?

Barista Ƙarami: Ɗan Tasha yana da gaskiya a rabin maganarsa. Alhaji, ranka ya daɗe, wanda yake kawo maka takardar sabuntawa, ejan ne ko buroka?

Alhaji Mai Atamfa: Ni dai yaro ne mai jaka yake zuwa, ɗan mutunci, har zaman ɗaurin auren 'yata ya zo. Ban san wanne ne a ciki ba.

Barista Ƙarami: Bambancin yana da girma. Ejan wakilin kamfani ne, hajarsu yake tallatawa, su yake wa aiki. Buroka kuwa dillali ne mai lasisi, kuma a idon doka kai yake wakilta, ko da yake la'adarsa daga kamfani take fitowa. Aikinsa ne ya zagaya ya nemo maka inda ya fi, ya ba ka shawara kan adadin da ya kamata ka rubuta, ranar asara kuma ya tsaya maka. In buroka ne ya bar ka shekara biyar a kan lamba ɗaya bai ce uffan ba, akwai tambayar da zai amsa. In ejan ne, sai dai a ce bai kyauta ba. Ka duba rasit ɗin da yake ba ka, sunan wa ke sama?

Alhaji Mai Atamfa: Sunan kamfanin ne da tambarinsu.

Barista Ƙarami: To alama ta nuna ejan ne.

Maman Ilham: Zan ɗan kare tsofaffin abokan aikina kaɗan. Na sha ce wa 'yan kasuwa su ƙara adadi, amsar da nake samu ita ce "ke dai so kike kamashonki ya ƙaru". Wani ma da gangan yake rage lambar don firimiyam ya yi sauƙi, yana cewa ai wuta ba za ta cinye duka ba. Sharaɗin abareji saboda irin wannan aka yi shi. Ka ɗauka maƙwabta biyu, kowa da kayan miliyan 20, ɗaya ya biya kuɗin ashirin, ɗaya ya biya na goma. In wuta ta ci na miliyan 8 a kowane shago aka biya su daidai, ai an zalunci na farkon, domin daga tukunya ɗaya ake ɗiba. Inda nake ganin laifinmu shi ne rashin faɗa wa mutum wannan da Hausa tun ranar farko. Ana miƙa wa dattijo shafi ashirin na Turancin lauyoyi a ce ya sa hannu nan da nan.

Autan Zaure: Ni na gano mafita. In ina da kayan miliyan 10 sai in rubuta hamsin. Ko in yi a kamfani biyu, wuta na tashi in karɓa nan in karɓa can.

Maman Ilham: Da ka yi asarar firimiyam a banza. Ginshiƙin inshorar dukiya shi ne indemniti, a mayar da kai inda kake kafin asara, ba gaba ba ba baya ba. Ka rubuta hamsin, goman da ta ƙone za a biya. Shi ya sa ma ɗan kasuwa kuɗin sari ake biyansa, ba farashin da zai sayar ba, ribar da bai ci ba tukuna ba ta cikin lissafi sai in ya saya mata tata inshorar daban. Kamfani biyu kuma raba asarar za su yi tsakaninsu, kowa ya kawo kasonsa, kai dai goman nan ce.

Autan Zaure: To in yi wa shagon maƙwabcina inshora, shi da yake haɗa wayoyin wuta kamar taliya?

Barista Ƙarami: Ba za su karɓa ba, in ma sun karɓa kotu ba za ta ba ka ko sisi ba. Dole sai kana da haƙƙi a cikin abin, wato in ya lalace aljihunka ne zai ji. Wannan ƙa'ida tana da labari. A Ingila an yi zamanin da mutane ke yi wa ran wanda ba su haɗa komai da shi ba inshora, su zauna jiran mutuwarsa, caca tsagwaronta. Sai a 1774 majalisarsu ta yi doka ta hana. Ka tuna kuma wanda zai ci riba in shagon maƙwabcinsa ya ƙone, ba a so a bar shi da ashana.

Baban Khalifa, shugaban zaure: Auta a bar wasa haka, Alhaji yana cikin jimami.

Alhaji Mai Atamfa: Ƙyale shi, ya sa ni dariya, rabona da ita tun ranar.

Ɗan Tasha: Ni bari in kawo nawa tunda an buɗe. Bara na bugi wata mota a baya, gabana ya lotse, fitila biyu suka fashe. Ina da inshora a cikin takardun mota. Da na ce zan je su gyara mini, yaran tasha suka yi ta mini dariya. To amfanin me take yi in ba nuna wa 'yan sanda a shinge ba?

Maman Ilham: Taka tad-fati ce, Malam. Sunan ma ya faɗi komai, na uku. Kai ne na ɗaya, kamfani na biyu, wanda ka buga shi ne na uku, kuma shi aka yi wa ita. Motar da ka lotsa wa baya ita ya kamata su gyara, ba taka ba. Kai nawa ka biya mai motar?

Ɗan Tasha: Dubu 180 daga aljihuna, bayan an yi ta ja-in-ja a bakin titi.

Maman Ilham: Ka ga kuɗin da bai kamata su fita daga aljihunka ba ke nan, in takardarka ta gaske ce kuma ka sanar da su a kan lokaci. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM, mai kula da harkar inshora a Najeriya, ta mayar da tad-fati na motar gida naira 15,000 daga 5,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Rauni da rai lissafinsu daban. Kuɗin tad-fati na keke mai ƙafa uku 5,000, babur 3,000, manyan motocin dakon kaya 100,000. Wadda ke gyara taka motar ita ce kwamfirehensib, ta game-gari, ita kuma hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na kimar motar. Ko a ita ma akwai ekses, kuma in suka sa maka sabon abu a madadin wanda ya tsufa suna iya cewa ka cika wani abu.

Wani kuskuren da direbobi ke yi shi ne amsa laifi da yin sulhu a wurin, sannan a zo wa kamfani da rasit. Yawancin folisi sun hana haka. Nawa ka sayi taka?

Ɗan Tasha: Dubu huɗu, wajen mai yi mana takardu a gindin bishiya.

Barista Ƙarami: Abin 15,000 a dubu huɗu? Malam, shiga shafin NIID, rumbun da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ke ajiye bayanan motocin da ke da inshorar gaske, ka sa lambar motarka. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa wannan doka, dokar da asalinta tun 1945 take.

Ɗan Tasha: Zan duba in na sauke fasinja.

Malam Na Zaure: Assalamu alaikum. Alhaji Allah ya sa kaffara ce. Na bi bayanan nan duka, kuma abin da Maman Ilham ta warware shi ne ainihin abin da ya sa malamai da yawa suka tsaya a kan inshorar kasuwanci. Mutum yana ba da kuɗi sananne, yana sayen abin da bai san ko zai samu ba, bai san nawa ba, bai san yaushe ba. Wannan shi ne garari. Ga kuma kuɗin da ake juyawa a harkokin kuɗin ruwa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985 ta ce wannan nau'in bai halatta ba, ta halatta na taimakekeniya. Shi ne takaful. Kamfanin takaful na farko a Sudan aka kafa shi a 1979.

Ɗan Tasha: Allah ya gafarta Malam, ba canjin suna ba ne kawai? A cire Turanci a sa Larabci?

Malam Na Zaure: Tambaya ce mai kyau, kuma wani lokaci a aikace sai ka rantse haka ne. Amma ginin daban yake. A takaful abin da ka bayar ba farashin saye ba ne, tabarru'i ne, gudummawa ce ka zuba a asusun mahalarta don a taimaki duk wanda masifa ta afka wa a cikinku. Asusun naku ne, ba na kamfani ba. Kamfani wakili ne, yana karɓar ladan wakalci sananne, ko kuma ya juya kuɗin ta hanyar mudaraba, wato kuɗi naku aiki nasa, a raba riba. In shekara ta ƙare da rara, ana iya mayar wa mahalarta wani kaso. In gibi aka samu, kamfani ya ranta wa asusun bashi marar ruwa, ƙardan hasanan. Malamai suna kafa hujja da yabon da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ash'ariyawa, waɗanda in abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa su raba daidai, da kuma tsarin aƙila, inda dangi ke haɗa diyyar kisan kuskure. A nan gida NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, yanzu akwai irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful.

Maman Ilham: Duk abin da Malam ya faɗa haka yake. Abu ɗaya zan ƙara don kada wani ya tafi da kuskure. Da Baba Alhaji takaful ya yi, ya rubuta sha biyu alhali kayan ashirin da huɗu ne, lissafin nan dai shi za a yi masa. Akwai abareji a can, akwai ekses, akwai ajasta, akwai jerin abubuwan da aka ware aka ce ba a biya. Hasali ma hujjar ta fi ƙarfi, tunda kuɗin 'yan'uwansa mahalarta ne za a ɗiba.

Malam Na Zaure: Ban musa ba. Amana ce a hannunsu, ba za su raba ta da ka ba.

Hajiya Mai Kayan Kicin: Ni tambayata ɗaya. In kasuwa guda ta ƙone, kamar yadda aka yi a Sabon Gari ta Kano a 2016, ina kamfani ɗaya zai samo kuɗin biyan kowa?

Maman Ilham: Su ma inshora suke yi wa kansu, Hajiya. Kamfani yakan riƙe abin da zai iya ɗauka, ya miƙa sauran ga manyan da aikinsu ke nan, irin su Africa Re da aka kafa a 1976, hedikwatarta tana Legas. Abin takaicin a gobarar kasuwanninmu ba rashin kuɗin biya ba ne, yawancin shagunan ba su da takardar komai, sai jiran gudummawar gwamnati da ta masu hali.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Alhaji sannu da hasara. Mu nan da Faransanci muke shan namu. Abin da kuke ce wa firimiyam mu firim ne, ekses ɗinku shi ne faranshiz, hasarar kanta sinistir. Dokar ma ba ta Nijar kaɗai ba ce, ta CIMA ce, ƙungiyar da ke tsara harkar inshora, ƙasashe da dama masu amfani da sefa suka sa mata hannu a Yawunde a 1992. Amma ni abin da ya tsaya mini daban ne. Mu in mun zo sari Kano, sau da yawa mukan biya kaya mu bar su a shagon mai gida sati biyu ko ukku kafin mota ta samu. In wuta ta ci su a can, wa zai biya mu? Inshorar mai shago ko tamu?

Maman Ilham: Sai in mai shagon ya bayyana tun farko cewa yana ajiye kayan amana, aka rubuta a folisinsa. In ba a rubuta ba, kayan da aka riga aka sayar aka biya ba nasa ba ne, inshorarsa ba ta rufe su ba.

Alhaji Mai Atamfa: Tsaya, 'yata. Tsaya. Kayan da yara suka fitar ta baya, akwai dila-dila na wani abokin cinikina, ya biya tun kafin gobarar da kwana tara, mota yake jira. Na miliyan 6 ne. Ko ƙyalle ɗaya nasa bai ƙone ba, ya ma kwashe abinsa.

Maman Ilham: Baba! Suna cikin ashirin da huɗun?

Alhaji Mai Atamfa: Suna ciki mana. Ai ni na faɗa masa ashirin da huɗun. Ya tambaye ni kayan nawa ne a shagon, na haɗa komai da komai na faɗa, a zatona in lambar ta yi girma biyan zai yi girma. Ashe rami na haƙa wa kaina.

Maman Ilham: To ga maganar da na ce zan dawo kanta, ta ma zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Na duba folisinka, kayanka na sayarwa kaɗai aka rubuta, babu kayan amana. Tunda ba za su biya su ba da sun ƙone, ba su da ikon sa su a ma'auni don su rage maka. A cire shida, kayanka sun zama miliyan 18. Sha biyu cikin sha takwas kashi biyu cikin uku ke nan. Biyu bisa ukun tara miliyan 6. A cire ekses dubu 600, saura miliyan 5 da dubu 400. Bambancin miliyan 1 da dubu 350 ne a kan abin da suka rubuto. Sannan a duba ko sha takwas ɗin ma da kuɗin sari ka lissafa ko da farashin sayarwa, amma ka sani in aka sauke wancan zuwa sari, taran ma za a sauke ta.

Alhaji Mai Atamfa: Taran da sari muka yi ta. Sauran ne na faɗa da ka.

Barista Ƙarami: To wannan ma wata ƙofar ce. Amma ranka ya daɗe, a yi hattara. Inshora an gina ta a kan cikakkiyar gaskiya daga ɓangarorin biyu, kuma ƙarya ɗaya a cikin neman diyya tana iya rushe duka, har halaliyarka. Yanzu ka faɗi wata lamba, za ka koma ka faɗi wata, dole su ɗaga gira. Baki ba zai wadatar ba. A nemo shaidar shigar kuɗin mutumin a banki da kwanan wata, da rasit ɗin da aka yanka masa, da takardar lodin motar da ta kwashe kayan, shi ma ya rubuto da hannunsa. Kada a ƙara ko yadi ɗaya a kan abin da ya faru. A rubuta wa sashen biyan diyya wasiƙa, a ce ba a amince da tayin ba saboda kaza da kaza, a karɓi kwafi mai hatimi. In sun toshe kunne, NAICOM tana da sashen karɓar koke, kuma kai ƙara can ba ya buƙatar lauya.

Ɗan Tasha: Wato Barista ka kori kanka daga aiki.

Barista Ƙarami: Alhaji ne ya ɗinka mini kayan kiran lauya, ba zan ci kuɗinsa ba.

Alhaji Mai Atamfa: Ta banki ya turo, alat ɗin yana wayata. Littafin rasit kuma Allah ya sa yaron ya tafi da shi gida daren, don bai gama shigar da cinikin ranar ba, har na yi masa faɗa a kan haka washegari kafin in san abin da ya faru. Zan kira mutumin yanzu.

Maman Ilham: Ka ba yaron nan tukuici, Baba. Zan rubuta wasiƙar da daddare in turo, Barista ya duba. Kuma shagon da ka koma, kafin ka zuba kaya a gyara adadin, a rubuta kayan amana in za ka ci gaba da ajiyewa, a kuma biya kafin ranar ta wuce. Tun 2013 ake aiki da ƙa'idar ba biya ba kariya, ko kwana ɗaya ne tsakani wuta ta tashi, babu mai sauraronka.

Malam Na Zaure: In za a sabunta ɗin, Alhaji, a leƙa ɓangaren takaful a ji nasu.

Alhaji Mai Atamfa: In sha Allahu, Malam. Wannan karon da ɗana mai karatun akawu za mu je, ya karanta mini shafi na bakwai kafin in sa hannu. Na gode jama'a, Allah ya bar zumunci. Litinin zan kai musu, duk yadda aka yi za ku ji.

Baban Khalifa, shugaban zaure: Allah ya ba da sa'a. Wanda ya turo tallan turaren wuta a tsakiyar maganar gobara, na goge, kada a sake.

Ɗan Tasha: Jama'a na duba. Na sa lambar sau uku, har na cire tazarar da ke tsakani na sake sawa. Babu motata a ciki. Hajiya Maman Ilham, ta gasken a ina ake yankarta, kuma suna buɗewa ranar Asabar?